Tsibin Butocin da Ya Hana a Rufe Filinmu

Cikin ranakun aikina kaf, wadda ta ƙi goguwa a kaina ita ce wata Laraba a daminar shekara ta 2000, ranar da aka kawo tifa don ta kwashe butocina ta kai bola. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kun tarar ana kirana Sarkin Buta, har kuna rusunawa kamar sarautar gaske ce. To ba girmamawa ba ce asalinta. Zagi ne, kuma na cancance shi. Gara in ba ku labarin da bakina, don Isiyaku mai inji idan ya tashi bayarwa yakan cire duk wuraren da na yi abin kirki.

Sunana Sale. Karatuna na boko aji ɗaya da rabi ne. Malamin ya ce in je gida in huta, ni kuwa mai biyayya ne, har yau hutun nake. Na zo Legas ci-rani ina saurayi, na tura baro ina sayen gwangwan lungu-lungu, daga baya na samu wurin zama a filin Alhaji Uba da ke Agege, bayan layin dogo. Alhaji Uba haifaffen Agege ne, kakansa fataucin shanu ya kawo shi. Idan yana Yarabanci sai ka rantse bai taɓa cin tuwo ba, idan kuma ya juya Hausa sai ka ce jiya ya sauko daga jirgin Kano.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. 'Yan baro su kawo tsohuwar roba, mai sikeli ya auna. Daga nan ta zo hannun masu tsinta, su raba kowace da irinta. Masu wanki su wanke, mai inji ya niƙa ta koma kamar tsaki, a ɗura a buhu, a kai wa kamfanonin da ke narka ta su yi sabon kaya. Ni ne shugaban masu tsinta. Muƙamin ba shi da ofis, kujerata wani bokitin fenti ne da aka kifa.

Mutumin waje gani yake roba duk roba ce. Ba haka ba ne. Akwai ta jarka da buta, ita tana yawo a kan ruwa, in ka kunna mata ashana tana ɗiga da ƙanshin kyandir. Akwai ta kujera da bokiti, in ka lanƙwasa ta sai ta yi fari kafin ta karye. Sannan akwai muguwar, ta bututun ruwa da tiyo da takalmin roba. Ita nutsewa take, hayaƙinta kuma yana sa babban mutum hawaye. In ƙwaya kaɗan ta wannan ta shiga cikin ta jarka, a cikin injin kamfani za ta ƙone, ta ɓata kayan, ta ci ƙarfen injin. Ni ban san sunayensu na Turanci ba sai 'yan haruffan da nake ji ana faɗa. Da hanci da kunne da haƙori nake aiki. A lokacin haƙorana tara ne, kuma duk suna bakin aiki.

Abin da ban sani ba sai da na tsufa shi ne, roba daga man fetur take fitowa. Akwai masana'anta can ƙasar da ake haƙo mai, wadda ke yin sabuwar ƙwayar roba, fara tas kamar shinkafar gwamnati, akwai kuma wadda ake shigowa da ita ta jirgin ruwa. Idan mai ya yi arha, sabuwar ƙwaya ta yi arha, kamfanoni ba sa ko kallon tamu. Wato kasuwarmu ɗaure take a jikin bututun da ba mu taɓa gani ba.

Yanzu ga maganar butoci. Wajen shekara huɗu kafin wannan Larabar, wani ɗan baro ya kawo buhu biyu na fasassun butoci haɗe da fo na yara. Buta aiki ne da ita. Ba ta da nauyi a sikeli, ga cin wuri, ga yashi da gansakuka a ciki, kuma ba ta shiga inji sai an tsaga ta biyu da adda. Alhaji ya ce in sa hannu a tsaga. Ranar na ci ɗanwake ya yi mini yawa, ba abin da nake so irin in jingina da bango. Sai na gyara murya na ce, "Alhaji, ni dai na ji wani malami yana cewa bai dace a haɗa abin alwala da abin najasa a inji ɗaya ba."

Babu wani malami. Ni ne malamin, kuma a nan take na yi karatun.

Alhaji ya dubi butocin, ya ce, "To a ajiye su gefe har in tambaya." Bai taɓa tambaya ba. Ni kuma na samu barcina.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma Malam Habu, ladanin masallacin layinmu, ya ji labari. Kun san halinmu, ba ma iya jefa tsohuwar buta a kwata. Ko ta fashe sai a tura ta bayan masallaci, ta yi shekaru a can, kowa na jin nauyin ya zama shi ya kai ta shara. Malam Habu ya tattaro na masallacinsa ya kawo mini da kansa, yana sa mini albarka. Ya faɗa wa ladanin gaba, na gaba ya faɗa wa na gaba. Kafin shekara ta zagayo, butoci na zuwa daga Ogba, daga Ijora, har daga Oyingbo direbobin kayan gwari kan sauke buhu a ƙofar fili su ce a ba Malam Sale mai tsoron Allah. Kyauta suke kawowa. Yaya zan yi? In ce ƙarya na yi don ɗanwake? Sai in karɓa in ce Allah ya saka, in kai bayan fili in zuba. Tsibin ya wuce katanga, ya wuce rufin ɗakin inji. Kore da shuɗi da mai ratsi-ratsi, daga cikin jirgin ƙasa ma ana hango shi. Isiyaku ne ya fara cewa, "A buɗe hanya, ga Sarkin Buta," suna ya bi ni.

Shekarar da soja suka koma bariki, kowa na murna, mu kasuwarmu a mace take. Sabuwar ƙwaya ta yi arha har ba wanda ke son tsakinmu. Na taɓa ɗaukar samfur a leda na hau danfo, motar hayar Legas, zuwa wani kamfanin jarka a Ogba. Mai sayen kayansu, wata mata da ake kira Madam Folake, ta leƙo ta tagar ɗakin maigadi ta ce da ni da Hausarta ta 'yan Agege, "Baba, mu ba ma aiki da shara." Ko get ban wuce ba. Ma'aikatan filinmu daga talatin suka koma sha ɗaya. Ana haka 'yan ƙungiyar okada suka zo wa Alhaji da maganar su karɓi filin haya, su mai da shi wurin ajiye babura da wanki.

Wata safiya Alhaji ya kira ni ɗakin sikeli. "Malam Sale," in ji shi, "ƙarshen watan nan zan rufe. Injin zan sayar wa 'yan gwangwan. Masu okada sun ce ba sa karɓa sai an kwashe dutsen nan naka."

"Alhaji, mu fa?"

"Ku yi haƙuri. Allah zai buɗa wata ƙofar."

Na fito na zauna a kan bokitina. Shekarata hamsin da 'yan kai, iyali a ɗaki ɗaya a Agege, ƙafa ba ta iya tura baro kuma. Wa zai ɗauki tsoho mai aji ɗaya da rabi wanda gwanintarsa cizon roba? Sauran goman ma haka, kowa da bakunan da ke jiransa a gida.

A watannin nan gari ya riga ya shiga wahalar mai. Layi a gidajen mai har yakan toshe titi, kowa da jarka a hannu, wadda ma ba ta samuwa a kasuwa. Rediyo kullum maganar ana fasa bututu can cikin ruwayen kudu, samari da jami'an tsaro suna ta fama. Wani direban tanka da muke shan shayi tare ya ce masana'antar ƙwayar roba ta tsaya, don abin da take ci ba ya isowa, ta jirgin ruwa kuma ta yi tsada saboda ɗanyen mai ya tashi a duniya. Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da tsoma burodina. Ban ga abin da ya haɗa ni da zancen ba. Kun ga irin basirar shugaban da kuke da shi.

To, ranar Laraba da hantsi tifa ta iso. Direban na ta ƙorafin dizal, yana cewa sahu uku zai yi ba ƙari. Muka shiga loda. An cika kusan rabin mota sai ga wata farar mota ta tsaya a ƙofar fili. Madam Folake ta fito, tare da wani dogon mutum mai gilashi da ake kira Injiniya, shi ke kula da injinan kamfaninsu. Na gane ta nan take. Ita ba ta gane ni ba, don wanda aka kora ne ke riƙe fuska.

Alhaji ya tarye ta da Yarabanci, aka yi gaisuwa mai tsawo, sannan ta juya Hausa don mu ji. Ta ce injinansu sun fi mako a tsaye, ga masu sayen jarka suna layi a get da motoci. Sabuwar ƙwaya babu. Makon da ya wuce sun sayi tsaki a wani fili, ashe da robar bututu a ciki. Hayaƙi ya cika ɗakin aiki, ma'aikata na tari, inji ɗaya ya lalace.

"Saboda haka ba na sayen abin da aka riga aka niƙa," in ji ta. "Ina so in ga kaya da idona kafin ya shiga inji. Fili uku muka zaga yau, duk gauraye ne."

Alhaji ya fara nuna mata 'yan buhunan da suka rage, amma Injiniya ya riga ya wuce wajen tifa. Ya tsaya yana kallon tsibin, bakinsa a ɗan buɗe. Ya tambaya da guntuwar Hausarsa, "Wannan mene ne?"

Isiyaku ya ce, "Dukiyar Sarkin Buta ce, oga. Yau ake jana'izarta."

Injiniya ya ɗauki buta ɗaya, ya yanki guntu a wajen mariƙi, ya kunna laita ya sansana. Ya jefa wani guntun a duron wanki, ya taso sama. Ya ɗauki ta biyu da ta uku, duk haka. Sai ya juya ya yi wa Madam Turanci da sauri har gilashinsa na zamewa. Abin da na tsinta daga baya shi ne, robar buta da ta jarka uwa ɗaya uba ɗaya ce, kuma waɗannan ba abin da ya taɓa shiga cikinsu sai ruwa. Ba mai, ba fenti, ba maganin ƙwari. Launi kuma ba damuwa, tunda jarkarsu baƙa ce.

"Duk tsibin nan buta ce zalla?" in ji Madam.

"Zalla," in ji Alhaji. Muryarsa har ta canza. "Shekara huɗu ba mu bari an haɗa ta da komai ba. Ka'ida ce a filin nan."

Na dube shi. Jiya dutsena ne, yau ya zama ka'idar fili.

Madam ta ce a sauke tifa. A niƙa duka, a kai mata ranar Asabar. In inji ya karɓa, za ta ɗauki duk abin da filin nan ya niƙa har ƙarshen shekara, dizal ɗin injinmu ma daga wajenta. Masu loda suka fara murmushi. Isiyaku ya ɗaga hularsa ya mayar.

Ni kuwa idona na kan butar da ke hannun Injiniya. A gindinta akwai wani baƙin tabo kamar faɗin kwabo. Liƙi ne. Shi ya yanka a wajen mariƙi, inda buta ba ta taɓa fashewa. Bai san mu ba. Mutuminmu ba ya rabuwa da buta don ta tsage sau ɗaya. Sai ya kai wa mai liƙi, shi kuma ya ɗora wuƙa a garwashi ya narka duk abin da hannunsa ya kai a kan tsagar: guntun takalmin roba, tiyo, bawon wayar lantarki. Wata ma ɗinke ta ake yi da siririyar waya kafin a shafe. Wato muguwar robar nan da ta kashe musu inji, ga ta nan manne a gindin butocina, ɗigo-ɗigo, cikin dubbai.

Zan so in ce muku gaskiya ce tsantsa ta motsa ni. Akwai ta, amma ba ita kaɗai ba. Na hango ranar Asabar hayaƙi ya tashi a Ogba, an zo da 'yan sanda ana tambayar wane ne mai butoci. Duk Agege ba wanda zai yi jinkirin nuna Sarkin Buta.

Na ce, "Madam, kada a niƙa tukuna."

Alhaji ya matso kamar zai gyara tsayuwa, ya ɗora takalminsa a kan babban yatsana ya danna. Yana murmushi yana cewa, "Tsoho ne, yana son magana."

"Bar shi ya yi," in ji Madam.

Na karɓi butar na juya gindinta. "Wannan tabon ba robar buta ba ce."

Injiniya ya kankare shi da farce ya ce ai da irin robar ake liƙewa, in ba haka ba ba za ta kama ba. Na ce shi ya sa ba ta kamawa, shi ya sa ake liƙi uku a buta ɗaya. Ya yi dariya irin ta masu takarda. Ni kuma abin ya taɓa ni. Na ɓamɓaro liƙin da wuƙa na kai baki, don in nuna masa yadda robar takalmi ke danƙo a haƙori. Na gartsa da ƙarfi saboda fushi. Ashe irin mai waya ce a ciki. Na ji ƙas. Na tofa a tafin hannu, ga liƙi, ga guntun waya, ga haƙorina na gaba.

Isiyaku ya ce, "Saura takwas."

Ban kula shi ba. Na jefa liƙin a duro, ya tafi ƙasa kai tsaye kamar tsakuwa. Na ɓamɓaro wani na miƙa wa Injiniya na ce ya kunna. Ya kunna, wutar ta yi kore a gefe, hayaƙin ya doki hancinsa, ya ja da baya yana goge ido. Bai sake dariya ba.

Madam ta juya. Ta dubi tsibin, ta dubi motarta. Na ji masu loda sun daina motsi a bayana. A raina na ce shi ke nan, Sale, ka kashe fili da bakinka, ga shi ko haƙorin ba ka tsira da shi ba.

"Nawa ne ke da wannan abin?" in ji ta.

"Sun kai rabi."

"Ana iya cirewa?"

"Ana iyawa. Amma ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Ba Asabar ba, sai dai Litinin."

Ta ƙura mini ido. "Baba, na taɓa ganinka?"

"A tagar maigadi, Madam. Na zo da shara a leda."

Ta ɗan sunkuyar da kai, ta gyara ɗankwalinta. "Litinin," in ji ta. "Amma kai da kanka za ka kawo, ka tsaya a bakin injin. In hayaƙi ya tashi kai za ka fara shaƙa."

Motarta na fita Alhaji ya juyo kaina. "Malam Sale, ciniki ya biyo mu har gida, ka tsaya kana wa'azi da jini a baki. In matar nan ta samu kaya a wani wuri kafin Litinin fa?"

"In ta samu, Alhaji, tifa ba ta gudu ba."

Direban tifa ya ce shi dai a sallame shi, bai taɓa ganin inda aka loda shara aka sauke ta ana lallaɓawa kamar ƙwai ba.

Daga ranar muka zauna. Tsarin da na yi shi ne layi uku. Na farko su juya kowace buta su yanke liƙi da ɗan abin da ke kewaye da shi. Na biyu su tsaga da adda su kankare yashi. Na uku su wanke. Bayan Isiyaku ya niƙa, kowane buhu sai an juye shi a duron ruwa an motsa da sanda, a kwashe abin da ya taso, abin da ya nutse a zubar. Alhaji ya aika aka kira waɗanda aka sallama, waɗanda ba su koma arewa ba suka dawo. Duk da haka zuwa yammacin Alhamis ko kwatan tsibin ba mu ci ba. Aikin da na guje wa na buhu biyu, ga shi ya dawo mini da 'ya'ya da jikoki.

Malam Habu ladan ne ya cece mu. Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe ya ce butocin da jama'a suka ba Malam Sale amana sun samu hanya, za a mai da su abin ɗiban ruwa, amma ana neman hannu. Bayan la'asar sai ga dattawan unguwa, kowa da 'yar wuƙarsa. Masu goro, masu facin taya, tsofaffin masu gadi. Suka zauna a kan buhuna suna yanka suna gardama. Wani ya ɗaga wata koriya ya ce tasa ce, ya gane ta da igiyar da ya ɗaura a mariƙi. Wani ya ce in taka ce me ya sa ka bari aka liƙe ta da takalmin matarka. Har tsohon mai liƙin bakin kasuwa ya zo, yana duba tabo yana cewa, "Wannan aikina ne. Wannan ba nawa ba ne, na 'yan Ijora ne, ba su iya ba." Shi ya fi kowa sauri, don ya san inda ya ɓoye waya.

Ranar Litinin da safe muka loda buhuna. Na sa rigata ta Juma'a na zauna gaban mota. Maigadin da ya taɓa tsare ni ya buɗe get har bango. Na ɗaga masa hannu a hankali, yadda na ga manya na yi.

Ban taɓa shiga irin wurin ba. Zafi, ƙara, ga inji kamar ɗaki. Injiniya ya sa aka juye buhu biyu a bakinsa, aka zuba baƙin launi. Madam ta nuna mini inda zan tsaya, daidai inda robar ke fitowa. Na tsaya ina karanta duk addu'o'in da na iya, ba su da yawa, sai na riƙa maimaitawa. Narkakkiyar roba ta sauko kamar hannun riga, ƙarfe biyu suka rufe ta, aka ji huci, suka buɗe. Jarka ta faɗo, baƙa, tana sheƙi. Na shaƙi iska da gangan har ƙirji. Ƙanshin kyandir kawai.

Injiniya bai yarda da ido ba. Ya bari ta huce, ya cika ta da ruwa, ya hau tsani ya sako ta ƙasa. Ta yi tsalle ta kwanta. Ya sake, har sau uku. Ko ɗigo. Ma'aikatan da suka fi mako suna zaman banza suka hau tafi, wata mata a cikinsu ta kama rawa tana kirana Baba Agege. Injiniya ya sauko ya miƙa mini hannu biyu. Madam ta zubar da ruwan ta miƙo mini jarkar ta ce, "Ta farko taka ce." A danfo kan hanyar komawa mutum uku suka nemi in sayar musu. Na rungume ta na ce ta gado ce.

Alhaji ya ba masu okada haƙuri. Kafin wata biyu mun koma talatin har da ɗoriya. Ya sa aka yi mini benci mai jingina, na ce a bar mini bokitina, ya san bayana.

A watannin da suka biyo baya kowa a Legas ya zama dillalin tsohuwar roba. Masu gyaran rediyo, masu sayar da katifa, duk suka sayi sikeli. Wasu na zuba yashi a buhu, wasu na niƙa bututu su gauraya, kamfanoni na saye don dole. Da aka gyara abin da aka gyara can kudu, sabuwar ƙwaya ta dawo kasuwa, sai aka watsar da su rana ɗaya. Mu ma odarmu ta ragu, ba zan ɓoye ba. Amma Madam ba ta yanke ba. Ta ce wa Alhaji bututu zai sake fashewa wata rana, kuma tana so ta san inda za ta je ba tare da laita a hannu ba. Ya kuwa sake fashewa, ba sau ɗaya ba.

Abin da nake so ku riƙe ke nan, ku masu tasowa. Sana'ar nan tana cika ne ranar da wani wuri ya ɓaci. Direban tankar nan ya dawo daga kudu ya ba mu labarin ƙauyukan da suka ƙone da mutanen da ba su koma gida ba, a daidai watan da muke murnar oda. Don haka in kun ga farashi ya tashi, ku yi aiki, amma kada ku yi addu'ar ya daɗe. Kuma ku sani lokacin tsada kowa mai saye ne, ba a gane wanda ya iya aiki sai kaya sun yi arha. Wanda ya juya gindin buta ya duba, shi ake nema a lokacin.

Saura abu ɗaya. Bayan komai ya lafa, abin ya riƙa damuna, na samu Malam Habu a ƙofar masallaci bayan azahar. Na ce, "Malam, akwai maganar da zan faɗa maka. Malamin nan da na ce ya hana haɗa buta da fo, babu shi. Ƙiwa ce ta sa na ƙirƙira."

Ya ci gaba da naɗe tabarma. "Na sani," in ji shi.

"Ka sani?"

"Tun ranar farko. Kai da ko wa'azin Juma'a barci kake yi, a ina za ka ji malami? Ni dai shekara goma ina neman wanda zai kwashe mini bayan masallaci."

Ya jingina tabarmar da bango, ya shiga ciki ya fito da wata shuɗiyar buta mai liƙi biyu a gindi, ya ɗora mini a hannu. Na karɓa na ce Allah ya saka.